Bisawu, Karen da Sarki Ya Yaba

An ruwaito a cikin tsofaffin littattafai, irin waɗanda gara ta ci gefensu ta bar mana tsakiya, cewa a wani zamani mai nisa an yi wani birni ana ce da shi Zarara, a mararrabar hanyoyin fatake. Sarkin birnin sunansa Ɗayyabu ɗan Hamidu. An ce mutum ne mai adalci gwargwadon hali, ba ya taɓa dukiyar maraya, ba ya barin ƙara ta kwana a gabansa, sai dai akwai shi da saurin fushi. Ya kuma gaji wasu al'adu biyu daga kakanninsa, waɗanda bai taɓa zama ya tambayi kansa amfaninsu ba.

Ta farko, ba a ganin sarkin Zarara yana cin abinci. Ajiye masa akushi ake yi a wani ɗaki a ja ƙofa, ya sauke amawalin da ke rufe bakinsa ya ci shi kaɗai. Ko uwar 'ya'yansa ba ta san yadda yake tauna ba. Ta biyu kuwa, duk abin da sarki ya gani ya yaba da bakinsa, to ya zama nasa. Doki ne, takobi ne, ko rigar da ke jikinka, sai ka faɗi ka ce ka bayar, fadawa su ce an gode. Saboda haka mutanen Zarara suka ƙware a ɓoyo. Da an ji tambarin sarki, sai ka ga mai ingarma ya ja abinsa bayan danga, mai sabuwar riga ya juya ta baibai, kowa ya fito ya yi gaisuwa kamar bai taɓa mallakar ko allura ba.

To, a cikin fataken birnin akwai wani ana kiransa Tunau. Gishiri da kanwa yake kaiwa kudu, ya komo da goro. Ba shi ya fi kowa jakuna ba, amma an san shi da riƙon amana. Yana da wani kare mai suna Bisawu, wanda ba ya rabuwa da shi ko a gida ko a hanya. In gaskiya za a bi, Bisawu ba shi da wani kyan gani. Ja ne mai dogayen ƙafafu, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ga tabon cizon kura a cinya. Amma in ayari ya sauka a zango shi ke zagaya kaya, in jaki ya ɓalle shi ke komo da shi, in Tunau ya kwanta zazzaɓi a gefen tabarmarsa yake wuni. Shi kuma Tunau kullum da yamma sai ya zauna ya duba masa kunnuwa ya cire kaska, ya buɗe tsakanin yatsunsa ya zare ƙaya, yana yi yana ba shi labarin ciniki kamar mai hira da ƙaninsa. Abokan tafiya har zolayarsa suke yi, wai ran da ya mutu Bisawu ne zai ci gado.

An ce wata rana da hantsi ayarin su Tunau ya iso ƙofar birni daga kudu, sai aka ji tambari, sarki zai fita kilisa. Nan da nan Tunau ya yi abin da ya saba. Ya jefa tsohon bargo a kan huhun goronsa mafi kyau, ya tura farin jakinsa tsakiyar sauran, ya zare zoben azurfarsa ya cusa a aljihu. Bai ɓoye Bisawu ba. Wa zai ɓoye kare mai karyayyen kunne?

Ya durƙusa a bakin hanya, Bisawu ya zauna a gefensa. Jama'ar sarki suka yi ta wucewa, karnukan unguwa duk sun cika wuri da haushi, amma Bisawu ko kallo ba su ishe shi ba. Ɗaga kai ya yi ya zuba wa fuskar ubangidansa ido, yana jiran abin da za a ce masa. Da sarki ya zo daidai wurin sai ya ja linzami. Ya daɗe yana duban su biyun, sa'an nan ya ce, kamar mai magana da kansa, "Kai, wannan kare da kyau yake."

Tunau ya ɗago kai. Kafin ya buɗe baki, Shamaki, wato babban bafaden da ke kula da dawaki da kayan sarki, ya riga ya ɗaga murya. "Sarki ya yaba! Falke, sarki ya yaba!"

Tunau ya sa goshi a ƙasa. Ya ji bakinsa yana faɗin abin da kowane ɗan Zarara ya koya tun yana ƙarami: "Allah ya ja zamanin sarki, na bayar." Sa'an nan ya ɗago ya ce wa Shamaki a hankali, "Ranka ya daɗe, akwai wata 'yar magana game da cimarsa."

Shamaki ya ce, "A'a, falke. Ba a ba sarki kyauta a bi ta da sharaɗi. Kana tsammani a gidan sarki za a rasa abin da kare zai ci?"

Aka kawo igiya. Bisawu bai taɓa sanin igiya a wuyansa ba, ya turje ya fito da haƙora. Tunau ya ga wani dogari ya gyara riƙon kulki, sai ya yi maza ya dafa kan karen ya ce, "Bi su." Bisawu ya bi su, yana tafe yana waiwaye.

Tunau ya isa gida, iyali suka yi masa maraba, aka kawo tuwo. Ya gutsuri lomar farko, ya gatsa, ya miƙa rabin zuwa gefen damansa kamar yadda ya saba, sai ya ga ba kowa a wurin. Ya ajiye lomar ya wanke hannu. Ya yi ta lallashin kansa cewa yunwa ba ta da kunya, in ta kai wa karen wuya zai manta da horon da aka yi masa ya ci. Amma can cikin zuciyarsa ya san irin karen da ya raina, kuma abin ya hana shi sakat.

Kullum sai ya je ƙofar fada ya tambaya, kullum dogarai su kore shi. A bakin masu kai ciyawar dawaki ya riƙa jin labari. An ba karen naman rago, ya kau da kai. An ba shi hanta, an ba shi madara a sabuwar ƙwarya, an sa shi a ɗaki mai shimfiɗa. Ruwa kaɗai yake sha, ya koma ya kwanta ya sa hancinsa a bakin ƙofa. Kwanaki suka yi ta tafiya, har aka ce haƙarƙarinsa duk sun fito.

Shamaki kuwa da ya ga abin zai dawo kansa, tun da shi aka danƙa wa karen, sai ya nemi inda zai sauke kayan. Ya faɗi gaban sarki ya ce, "Zaki, wannan ba ciwo ba ne. Falken nan asiri ya yi wa karen. Baƙin ciki yake da kyautar, so yake a ce abin da sarki ya yaba ya mutu a hannun sarki." Ran sarki ya ɓaci. Ya sa aka kamo Tunau aka durƙusar da shi a tsakiyar fada.

Sarki ya ce, "Falke, ka ba ni da baki ka hana ni da zuciya. In karen nan ya mutu, za ka bar ƙasata, kai da sunanka, ba ka ƙara shigowa."

Tunau bai ko ji maganar korar ba. Abin da ya shiga kunnensa shi ne "in ya mutu", wato dai har yanzu da sauran numfashi. Ya buɗe baki zai yi magana, Shamaki ya katse shi. "Kada a bar shi ya yi magana, ranka ya daɗe, kada kuma a bar shi ya ga karen. Mai asiri a bakinsa abin yake."

A nan ne Waziri Shu'aibu ya gyara zama. Tsoho ne mai sanyin murya, wanda ba ka raba alkyabbarsa da gashin kyanwa, domin yana da wata tsohuwar kyanwa da ke barci a kan littattafansa, ba ya kuwa tashinta ko da littafin yake nema. Ya ce, "Allah ya ba sarki nasara. In an ba ni izini, akwai wani labari da na tarar wurin magabata, ko zai rage wa sarki zafin rana."

Sarki ya ce, "Faɗi, Waziri."

Waziri ya ce: "An ce a wata ƙasa an yi wani attajiri ana kiransa Mijinyawa, wanda ya tashi cikin talauci Allah ya buɗa masa. Da ya samu, sai ya gina wa mahaifiyarsa gida na gani na faɗa, ya ɗauko ta daga tsohuwar bukkar da ta raine shi a ciki. Tsohuwar tana da kyanwa, tana kiranta 'Yartoka, don a gefen murhu take kwanciya. Aka sa kyanwar a kwando aka kawo ta sabon gida. Ana buɗe kwando ta haura katanga ta koma bukka. Aka sake ɗauko ta, aka ba ta kifi, aka ba ta nono, ta sake komawa. Tsohuwa ta shiga damuwa, abinci ma sai an matsa mata.

"Mijinyawa ya fusata. Ya ce, 'Wannan wace irin butulu ce? Na kawo ta gidan daula ta zaɓi kango?' Ya aika aka rushe bukkar, don kyanwar ta rasa wurin komawa. Sai ta je ta kwanta a kan ɓaraguzan, ruwa ya dake ta, rana ta dake ta, ba ta gusa ba. Ya ce to a rabu da ita, zai sa a kawo wa uwarsa wasu kyanwoyin da suka fi ta kyau.

"Tsohuwa ta tashi. Ta ɗauki sandarta ta dogara har kangon, ta sami wuri ta zauna tana kallon kyanwarta. Sai ta lura duk faɗin wurin nan, gu ɗaya kyanwar take kwanciya. Ta sa aka tone wurin, sai ga duwatsun murhunta guda uku, sun yi baƙi ƙirin. Ta ce a ɗauke su a kai sabon gida. Aka girke su a tsakar gidan nan mai daɓe mai sheƙi, ta hura wuta. Mijinyawa ya zo ya gani, kunya ta kama shi, ya ce, 'Inna, me baƙi za su ce?' Bai rufe baki ba sai ga 'Yartoka a kan katanga. Ta sauko, ta shinshina duwatsun, ta zagaya su, ta kwanta. Tsohuwa ta ce, 'Ɗana, ba gidanka ta raina ba. Ka ɗauko ni, ka ɗauko ta, ka baro abin da ta sani.' Iyakar labarin ke nan, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "Na ji, Waziri. To ni ina zan tono murhun wannan kare?"

Waziri ya ce, "Ba sai an tona ba. Ga shi nan durƙushe a gaban sarki. A ji ta bakinsa."

Sarki ya dubi Tunau ya ce, "Yi magana."

Tunau ya ce: "Allah ya ja zamanin sarki. Ban san asiri ba, horo ne. Uwar karen nan ita ce mai gadin ayarinmu a da. Wata shekara mun sauka a wani zango a dajin kudu, tana jego. Da la'asar wasu mutane suka ratso kamar matafiya, suka yi mana sallama, ɗayansu ya jefa mata tsokar nama, muka ce an gode. Ashe 'yan fashi ne, haka suke yi, su kashe kare da guba tun da rana don su dawo su sami zango ba mai haushi. Kafin rana ta faɗi ta fara kumfa. Da muka gane sai muka ɗaure kaya muka tashi, mutuwarta ce ta tsirar da mu. 'Ya'yanta duk sun sha nononta sun bi ta, sai guda ɗaya da 'yan'uwansa suka ture bai samu ba. Ko ido bai buɗe ba. Na sa shi a aljihun taguwata. Ina tsoma tsumma a nonon akuya ina matsa masa a baki. Da ya yi haƙora, sai in tauna nama in ba shi. Na yi wa kaina alkawari wannan ba zai mutu irin mutuwar uwarsa ba. Sai na riƙa sa abokan tafiya suna miƙa masa abinci da barkono a ciki, ni kuma in gatsa nawa a gabansa in ba shi saura, har ya gane. Tun daga nan, ranka ya daɗe, ba ya cin komai a duniya sai abin da ya ga na zauna na gatsa na miƙa masa. Abin da ya tsare masa rai a daji, shi ne yake kashe shi a gidan sarki. A bar ni in ba shi ko loma ɗaya, sa'an nan a kore ni duk inda aka so."

Sarki ya sassauta murya, amma bai sauka daga kan maganarsa ba. Ya ce, "In kai ka ba shi ya ci yau, gobe fa? Kai falke ne, za ka kama hanya, ya koma gidan jiya. Kare nawa ne, na yaba an bayar. Faɗa mini yadda zai ci daga hannuna."

Tunau ya san amsar, kuma ya san ba a faɗinta a Zarara a kwana lafiya. Ya dubi ƙasa, ya dubi dogarai. Sai ya tuna da hancin nan da aka ce yana bakin ƙofa. Ya ce, "Sai sarki ya zauna a ƙasa, ya sauke amawali, ya gatsa a gabansa. Kuma sai ina wurin, don idona yake duba."

Fada ta kaure da salati. Shamaki ya miƙe tsaye yana cewa, "Kun ji ko? Sarki ya ci abinci a gaban talaka da kare! Wannan ai ya fi asirin muni!" Dogarai suka matso. Sarki ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya. Tunau ya fara kalmar shahada a zuci. Can sai sarki ya tashi ya ce, "Waziri, falke, ku biyo ni. A kawo gasasshen nama a ajiye a fita."

An ce tun kafin su kai ƙofar ɗakin suka ji wani abu yana bugun ƙasa a hankali. Wutsiyar Bisawu ce, ya ji takun ubangidansa. Da aka buɗe ya yunƙura zai tashi, ƙafafun suka ƙi, sai ya jawo ciki har ya ɗora kansa a kan ƙafar Tunau. Tunau ya durƙusa ya rungume shi, ya ji duk ƙashi ne. Ya manta a gaban wa yake, ya yi kuka sosai, yana cewa, "Sannu, sannu. Ai ga ni."

Waziri ya juya ya fuskanci bango. Sarki ya tattara alkyabba ya zauna a ƙasa, zaman ma bai iya ba, sai da ya gyara ya sake gyarawa. Ya kai hannu ya sauke amawali. Tunau ya so ya kau da kai, amma ba dama, don karen idonsa yake kallo. Sai ya ga ashe bakin sarki baki ne irin na kowa, da furfura a gemu, har da giɓi a gefe guda. Sarki ya ɗauki nama ya gatsa, yana tauna yana jin nauyi kamar baƙo a gidan surukai. Ya miƙa sauran.

Bisawu ya shinshina, ya kau da kai, ya dubi Tunau. Tunau ya sa tafin hannunsa a ƙarƙashin na sarki ya tallafe shi. Ya ce, "Ci, Bisawu. Wannan ma namu ne." Karen ya dubi bakin sarki, ya sake duban Tunau, sa'an nan ya miƙa wuya a hankali ya karɓa.

Sarki ya yi dariya, irin wadda Waziri bai ji ya yi ba tun yana yarima. Ya sake gatsa ya miƙa, hannun Tunau na ƙarƙashin nasa. Suka yi ta yi haka, kaɗan-kaɗan, don Tunau ya ce cikin da ya daɗe ba komai ba a cika shi gaba ɗaya. Can sai Tunau ya zare hannunsa ya mai da shi bayansa. Sarki ya miƙa shi kaɗai, Bisawu ya karɓa, har ya lashi yatsun sarki. Tunau ya yi murna, domin karensa ya rayu. Ya kuma ji wani abu ya soke shi a ƙirji, domin da hannunsa ya buɗe ƙofar da shi kaɗai ke da ita.

Ya share fuska ya ce, "Allah ya ba sarki nasara, yanzu zai ci. Sai dai a yi mini haƙuri da 'yan maganganu. Kada a ɗaure shi, ba ya gudu. A riƙa duba bayan kunnen nan da ya kwanta, nan kaska ke ɓuya. In an fita da shi, a buɗe tsakanin yatsunsa, ba ya nuna ƙaya ta soke shi, sai dai ya yi ta tafiya a kanta. Yana tsoron tsawa, in hadari ya taso a bar shi ya raɓi mutum. Kuma a riƙa yi masa magana, ranka ya daɗe. Ko ba ya ganewa, yana so."

Ya dafa kan Bisawu ya ce, "Zauna." Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya fita bai waiwaya ba, don ya san in ya waiwaya ba zai iya ba. Da ya kai soron waje ya jingina da bango ya zauna. Bai san iyakar zaman da ya yi a nan ba, sai ya ji an taɓa kafaɗarsa. Waziri ne da kansa, ya ce, "Taso, sarki na kira."

Ya tarar da sarki har yanzu a ƙasa. Bisawu na zaune daidai inda aka ce ya zauna, jikinsa na rawa, idonsa a kan ƙofa.

Sarki ya ce, "Falke, bayan fitarka na ba shi ya ci, bai ƙi ba. Amma yana ci yana kallon ƙofa." Ya juya wajen Waziri ya ce, "Waziri, ga tambaya. Ran nan a ƙofar birni, me na yaba?"

Waziri ya ce, "Sarki ya ce kare ya yi kyau. Ni kuwa ina bayan sarki, abin da na gani karyayyen kunne ne da tabon kura. In ban yi kuskure ba, kallon da karen yake yi wa ubangidansa sarki ya yaba."

Sarki ya ce, "Ba ka yi kuskure ba. Kuna tsammani ban san ana ɓoye mini dawaki a bayan danga ba? Ina ganin wutsiyoyinsu. Tun ran da aka naɗa mini rawanin nan, duk inda na doso ƙasa ake kallo, ni kaɗai nake ci, ni kaɗai nake wanke hannu. Sai na ga wani mai rai yana duban wani ba tsoro ba kwaɗayi, na ji ina ma ni ake duba haka. Na ɗauko karen, kallon ya tsaya a wurinka. Kai kuma ka yarda ka rasa shi don ya rayu, ni na kusa kashe shi don in same shi. Kira abinka, Tunau."

Tunau ya buga cinyarsa da hannu kamar yadda yake yi in ayari zai tashi. Bisawu ya miƙe, yana tangaɗi, ya zo ya jingina da ƙafarsa.

An ruwaito cewa a ranar sarki ya sa aka yi shela, daga yau yabon sarki yabo ne kawai, wanda aka yaba wa abinsa ya ce an gode ya riƙe kayansa. Mutanen Zarara ba su yarda nan da nan ba, sai da aka daɗe kafin masu sababbin riguna su daina juya su baibai. Tunau kuwa aka naɗa shi madugun fataken birnin, aka kuma ba shi wata alfarma da ba a taɓa ba kowa ba: duk ran da ya komo daga tafiya, shi da Bisawu su shiga ɗakin cin abincin sarki, a ja ƙofa, su ci tare da sarki.

Da damina ta zagayo, wata karya a gidan Tunau ta haihu, a cikin 'ya'yan akwai wani ja mai dogayen ƙafafu wanda ba sai an tambayi ubansa ba. Da ya isa rabuwa da nono, Tunau ya sa shi a aljihun taguwa ya kai fada. Ya ce, "Wannan ba sarki ne ya yaba ba, ni na kawo. Amma sai sarki ya tauna masa da kansa, ya cire masa kaska da kansa. In aka bar wa Shamaki, to karen Shamaki ne." Sarki ya karɓe shi da hannu biyu. Ɗan kwikwiyon ya yi hamma, ya ɗaga kai, ya zuba wa fuskar sarki ido.

Masu hikima da suka rubuta wannan labari sun ce, abin lura a nan shi ne iko yana iya ɗauko dabba daga gida zuwa gida, amma ba ya ɗauko shaƙuwa. Ita sai wanda ya zauna a ƙasa ya ciyar, ya yi jinya, ya yi haƙuri. Wanda kuma yake son abu da gaske, rayuwar abin ta fi masa mallakarsa. Haka muka tarar da shi a rubuce, haka muka isar, Allah ya sa mu ji tausayin abin da ba ya iya buɗe baki ya faɗi damuwarsa.